Shuɗiyar Riga a Gindin Darbejiya

Sanyi ne ya fara tarbata a ƙasar Turkiyya. Na fito daga filin jirgi da 'yar shaddata da hula, ina ta raba ido ko zan hango wanda aka ce zai zo da sunana a kwali, amma ko mai kama da shi babu. Ni da na tashi a gefen Tiga, inda iskar ruwa take ratsa mutum har ƙashi da sassafe, na ɗauka na san sanyi. Ashe ban san komai ba. Na zauna a kan jakata na cusa hannuwa a hammata, mutane suna ta wucewa ta gabana, ba mai ko kallona.

Ƙungiyar manoman shinkafa ta yankinmu ce ta turo ni. Shekara da shekaru jan-baki suna yi mana ta'adi. Tsuntsayen nan in suka sauko wa gona da hantsi, kafin azahar mai gona sai dai ya riƙe baki. Kowa ya san a cikin ciyawar kacala da duhuwar bakin dam suke kwana, amma bakin dam ɗin ba ƙarami ba ne, ya miƙe tun daga wajenmu a ƙasar Bebeji har ya leƙa Tudun Wada, kuma ba ko'ina ƙafa ko kwalekwale ke shiga ba. Shi ne aka yanke shawarar a sayi jirgi marar matuƙi mai cin dogon zango, ya riƙa nemo makwancinsu. Da yake ni ne na ɗan taɓa karatun safiyo a Kano, sai aka ce ni zan je in koyo yadda ake tsara masa tafiya, in dawo tare da shi kafin ruwa ya sauka.

Abu ɗaya na baro a gida da ya hana ni sakewa, shi ne Baba. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye tun kakar bara, hannun nan ko cokali ba ya ɗagawa. Kullum da hantsi ni da wana, Yaya Habu, muke cicciɓo shi mu zaunar da shi a kujerarsa a gindin darbejiyar ƙofar gida, yana fuskantar fakon da ake sussuka. Kuma ba ya yarda a fito da shi sai an sa masa shuɗiyar babbar rigarsa da malfa, ko da awaki kaɗai za su gan shi. Dogon mutum ne Baba, ni na gado shi. Yaya Habu kuwa Inna ya biyo, gajere ne, da abin da nake tsokanarsa ke nan tun muna yara. Maganar da Baba ya sallame ni da ita ita ce, "Ka je, Mansur, amma kada ka daɗe. Ina so in ga jirgin nan naka da idona." Da ita nake kwana, da ita nake tashi.

Sai da rana ta kusa faɗuwa wani mutum mai ƙatuwar rigar sanyi ya dafa kafaɗata ya ce, "Bakano, ka sha jira." Wallahi da na ji Hausa sai da ƙwalla ta cika mini ido. Wannan shi ne Alhaji Tanimu, dillalin da ƙungiya ta bi ta hannunsa. A mota ya yi ta zayyano mini garuruwanmu. Ya san kasuwar Kafin Maiyaki, ya san inda ake gasa kifi a Tiga, har ya ce kakarsa 'yar Kiru ce. Kafin mu isa masauki na riga na mayar da shi kawuna. Da ya ce in kawo fasfona ya je ya yi mini takardar zama, da hannu biyu na miƙa masa, har da godiya.

Masaukin ɗaki ne guda a ƙarƙashin wani bene, babu taga, an jera katifu kamar kifi a faranti. Akwai 'yan Senegal, akwai 'yan Afganistan, akwai wani ɗan Sudan mai yawan tari. Kowa da harshensa, salla kaɗai ke haɗa mu. Abincin da aka fara ba ni burodi ne mai tauri da miyar da ba ta san barkono ba. Na ci don kada in faɗi, zuciyata tana wajen tuwon dawar Inna.

Washegari Alhaji Tanimu ya kai ni wani ƙaton shago a unguwar masana'antu, can bayan gari. Ya yi magana da wani dattijo a harshensu, suka gaisa, sannan ya bubbuga bayana ya ce, "Ga makarantarka nan. Jibi zan kawo maka fasfonka." Har yau jibin bai yi ba.

Tsintsiya aka fara miƙo mini a makarantar. Na ce a raina ko al'adarsu ce a fara da ladabi, sai na kama shara. Na share, na ɗauki kwalaye, na wanke kofunan shayi, ina jiran ranar da za a kira ni aji. Sai da ɗan Sudan ɗin nan ya raka ni wata rana ya yi mini tafinta, sannan gaskiya ta fito. An faɗa musu ni lebura ne mai neman abin kai wa baki. Jirgin ƙungiya dai da gaske an saye shi, ga shi can a kan teburi ba a gama haɗa shi ba, amma zancen koyarwa ba wanda ya taɓa jin sa. Na kira lambar Alhaji Tanimu, a kashe. Na sake kira da yamma, a kashe. Na zauna a kan wani kwali na rasa abin da ke mini daɗi, ga kunyar mutanen da suka tara guminsu suka turo ni, ga tsoro.

Dattijon nan kowa Usta yake kiransa, wato maigidan sana'a a harshensu. Farin gashin baki gare shi, ba ya dariya, kuma hannunsa ba ya rabuwa da ɗan siririn kofin shayi. Da ya gane abin da aka yi mini, sai ya saki wata doguwar magana wadda ban nemi a fassara mini ita ba, don fuskarsa ta isa. Kashegari ya zo mini da tsohuwar rigar sanyin ɗansa, ya zare tsintsiyar daga hannuna ya jingine ta, ya nuna mini kujera a gaban kwamfuta. Turancinsa gutsi-gutsi ne, nawa ma ba abin fita kunya ba ne, sauran zancen da hannu muke ƙarasa shi.

Jirgin nan namu ruwa biyu ne. Yana da dogayen fukafukai irin na jirgin sama sosai, da farfela ɗaya a baya mai tura shi gaba. Sannan yana da wasu farfeloli huɗu a sama, aikinsu kawai su ɗaga shi tsaye daga ƙasa, su kuma sauke shi tsaye, don haka ba ya bukatar titin gudu. Tashi tsaye ba wuya, tafiya a kan fukafukai ma ba wuya. Inda ake jin jiki shi ne tsakaninsu, abin da muke kira sauyi. A nan ne farfelar baya take kama aiki, jirgi ya fara gudu gaba, har iska ta cika fukafukan su karɓi nauyinsa, sannan na saman su tsaya. In suka tsaya da wuri, fukafukai ba su riƙe ba, ya faɗo. In kuma suka daɗe suna juyawa, sun shanye batir, babu abin da zai sauka da shi in ya dawo.

Usta ba ya bari in taɓa taswira sai na amsa masa tambayoyinsa. Daga ina iska take? Don dole hancin jirgi ya fuskance ta kafin ya fara gudu. Me ke gabansa, bishiya ko waya ko tudu? In abu ya lalace a tsakiya, a kan wa zai faɗo? In na yi inda-inda sai ya kurɓi shayinsa ya kalli bango, kuma wannan kallon bangon ya fi mini zagi ciwo.

Filin gwajinsu a kan wani tudu yake, ba bishiya ba gida, sai kututturen alkama da aka girbe. A can na fara ganin yadda jirgi yake faɗuwa. Ba namu ba ne, na wasu ne da za a aika musu. An tsara komai daidai, ni da kaina na riƙe tutar duba iska. Ya tashi tsaye lafiya, ya juya hanci, farfelar baya ta ɗauka. Yana tsakiyar gudu sai iskar ta juya ta koma bayansa. Muna kallo na saman suka tsaya, ya yi wani irin laƙwas, ya sulalo ya kafta hanci a ƙasa. Na yi ihu na nufi na'urar sarrafawa, Usta ya riƙe mini hannu gam.

Da muka je tsintar ɓaraguzai ya miƙo mini karyayyen fiffike ya ce, "Mansur, da zarar ya shiga sauyi, ɗauke hannunka. Abin da ka tsara masa tun yana ƙasa, shi zai yi. In ka fizge shi a tsakiya, kan mutane zai zo. Daga nan kai ɗan kallo ne."

A tsakanin haka ina ta zaryar neman takardu. Na hau doguwar mota zuwa babban birni, na bi layi a wannan ofis, aka tura ni wancan. Ba wanda ya wulaƙanta ni, kowa da ƙa'idarsa ce kawai. Masu ba da takardar fita suna son shaidar ɓatan fasfo, masu ba da shaidar suna son takardar zama, takardar zaman kuwa tana aljihun Alhaji Tanimu, in ma ya taɓa yin ta. Bizata ta ƙare ina cikin wannan kewaye. A hanyar dawowa wata tsohuwa da ke kusa da ni a mota ta ga ina ta goge ido, ta kwance ƙullinta ta ɗora mini burodi da cuku da 'ya'yan zaitun a cinya. Zaitun ɗin nan ɗaci gare shi, ban taɓa son sa ba, amma ranar ko ƙwaya ban rage ba.

A ƙauyenmu ba a samun sabis sai an hau tudun da ke kallon dam. Baba ba zai iya zuwa can ba, don haka Yaya Habu yake ɗaukar muryarsa a waya ya hau tudu ya turo mini. Gajerun saƙonni ne, harshensa a nauyaye. "Mansur, ya sanyi? Kana cin abinci?" Nakan saurare su har in haddace inda yake jan numfashi. Da damina ta sauka sai saƙonnin suka ɗauke.

"Yaya, ina Baba? Kwana biyu ban ji muryarsa ba."

"Lafiya lau. Tari ne ya ɗan dame shi, ba ya son yawan magana. Yana gaishe ka."

Wani satin kuma, "Yanzu na baro shi yana barci." Wani satin, "Wayar ce ta cika, ba ta ɗaukar murya." Inna ma da takan lallaɓo tudun ranar Juma'a mu gaisa, ta daina zuwa, wai ƙafa ke damunta. Na ce a turo mini hotonsa, aka turo mini na sallar bara, har da ragon a gefe. Mu Hausawa kuwa kowa ya san halinmu, mutum yana kwance ana ƙara masa ruwa, in ka ce ya jiki zai ce da sauƙi. Na san haka sarai. Amma tsakanin in matsa in ji abin da ba zan iya ɗauka ba, da in karɓi "lafiya lau" in kwanta, sai na riƙa karɓa.

Da aka gama haɗa jirgin, ni na naɗe fukafukansa da soso, ni na jera shi a akwati, ni na buga ƙusa. Shi yana da takardunsa cif, ni ba ni da su. Ina tsaye a ƙofar shago motar kaya ta tafi da shi, zai je garinmu ya bar ni. Ban taɓa sanin mutum zai iya yi wa akwati hassada ba sai ranar.

Ya isa gida shinkafa ta fara nuna, jan-baki sun fara kewaya gonaki. Ƙungiya ta samo izinin tashinsa, amma babu mai tsara masa hanya. Abokina Sa'idu, wanda yake ɗaukar bikin aure da ƙaramin jirgi mai kyamara, shi aka damƙa wa. Ya iya haɗawa, ya iya danna abin da aka ce ya danna, amma sauyi bai taɓa jin sunansa ba. Aka tsaya a kan ni zan tsara komai daga nan in tura masa. Ranar tashi zai zauna a kan tudu da kwamfutarsa, abin da jirgi ya gani ya riƙa zuwa mini.

Na buɗe taswirar ƙauyenmu, na ga rufin gidanmu ƙanƙane, sai da na tashi na sha ruwa kafin in iya ci gaba. A wannan lokaci na shekara ko'ina dawa ce ta fi mutum tsawo. Wuri biyu kaɗai ke da sarari, filin makarantar firamare da fakon ƙofar gidanmu. Iskar damina daga wajen dam take busowa. In ka tsaya a filin makaranta ka fuskanci dam, wayoyin lantarki ne a gabanka, bayansu kuma dogayen bishiyoyin turare. In ka tsaya a fako ka fuskanci dam, babu komai sai fadamar shinkafa tana gangarawa har ruwa. Ko makaho aka ba zaɓi, fako zai ɗauka.

Da na faɗa wa Yaya Habu, sai ya ce, "A'a, Mansur, a yi a makaranta dai."

"Yaya, akwai waya a gabansa."

"To ya tashi ya ba ta baya mana."

"In ya ba iska baya faɗuwa zai yi. Na gani da idona."

"To ya hau can sama ya wuce wayoyin tukuna."

"Kafin ya kai can ya cinye batir ɗin da zai sauka da shi. Kuma in ya kuskure, kan azuzuwan yara zai faɗo."

Kashegari Yaya Habu ya zo da wata hujjar. Wai Liman da dattawa sun ce ba za su yarda a leƙa wa matan aure tsakar gida daga sama ba. Wannan kam magana ce, ban raina ta ba. Na zauna na gyara. Na matsar da wurin tashi can ƙarshen fako, nesa da katangu. Na tsara wa kyamara ta kalli baya kaɗan, ta kama bakin darbejiya da dandalin ƙofar gida kawai, kada ta haura katangar kowa, ko tamu. Na zana abin a hoto na tura a nuna wa Liman. Liman ya ce ba laifi.

Yaya Habu ya ce fakon ya yi laushi, ruwa ya kwanta. Sa'idu ya je ya taka ya ce ƙasa kamar siminti. Nan raina ya ɓaci, na manta da wa nake magana.

"Wai Yaya me ke faruwa ne? Baba cewa ya yi yana so ya ga jirgin da idonsa. An hana ni dawowa, an hana ni jin muryarsa, yanzu kuma jirgin ma za a kai shi inda ba zai gani ba? Ku fito mini da shi. Ku jawo kujerarsa bakin inuwa, inda zan hango shi. Ko hannu bai ɗaga ba, in dai gan shi."

Ina jin iskar tudu tana kaɗa wayar. Can ya ce, "To. Allah ya kai mu."

A cikin tsarin na saka wata 'yar tsayuwa. Bayan jirgi ya kai tsayin da ya wuce bishiyoyi, hancinsa yana kallon dam, zai ɗan dakata a wuri ɗaya kafin ya shiga sauyi. Usta yana duba aikin ya sa yatsa daidai wurin.

"Wannan tsayuwar ta mece ce? Batir take ci a banza."

Na ce, "Babana."

Ya kalle ni, ya kalli bango. Sai ya jawo kujera ya zauna, ya gutsure wani lungu daga ƙarshen hanyar, can wajen da kacala ba ta da yawa, don abin da aka rage a can ya biya tsayuwar. Ya ce, "Numfashi kaɗan. Ba zan iya ba ka fiye da haka ba."

Ranar tashi, a gida hantsi ne, a wajenmu rana ta kusa tsaka. Ma'aikatan shago suka bar aikinsu suka taru a bayana. Hoton ya fara zuwa yana yankewa, sannan ya daidaita. Ƙasar fako ce, ja, da sawun awaki. Na ji muryar Sa'idu yana cewa, "Iska daga dam, tana kaɗa tuta a hankali. In danna?" Na ce, "Bismillah, danna."

Ƙura ta tashi, ƙasa ta fara nisa. Ga mutanen garinmu an tsayar da su a bayan igiya, kowa ya ɗaga kai. Ga turmin da aka kife a gefen fako tun ina nan. Ga bakin darbejiya yana shigowa hoton. Ga kujerar. Ga shuɗiyar riga, ga malfa.

Na miƙe tsaye ban sani ba. "Ga shi nan! Usta, ga babana!" Mutanen bayana suka hau tafi, wani ya rungumo wuyana. Jirgi ya kai tsayinsa ya dakata, kamar yadda na tsara. Na ce wa Sa'idu ya jawo hoton kusa. Malfar ta rufe fuskar, amma rigar ita ce, har aikin zaren da ke wuyanta ina gani. Sai hannu ya ɗago a hankali yana mini alama.

Hannun dama ne.

Abin da ya fara zuwa mini shi ne, ya warke. Allah mai iko, Baba ya warke, shi ne suke ɓoye mini don in yi mamaki. Ban gama wannan tunanin ba farfelar baya ta kama aiki. Ƙararta ba irin ta na sama ba ce, tsawa take yi farat ɗaya, kuma ban tuna na gargaɗi kowa ba. Mutane suka watse da gudu. Mai shuɗiyar riga ya yi zumbur ya miƙe, ya taka bakin rigar da ke jan ƙasa, ya yi tuntuɓe ya dafa kujera. Malfar ta faɗi ta gangara. Na ga sanƙon Yaya Habu yana ƙyalli a rana.

Daga nan darbejiya ta zame ta fice daga hoton. Fadama ta shigo, kore shar, tana gudu a ƙasa. Na ji bakina yana cewa, "Sa'idu, tsayar da shi! Dawo da shi!" Usta ya ɗora hannunsa a kan nawa ya danne shi a teburi, kamar ranar filin gwaji. Lambobin gudu suna hawa a gefen hoton, fukafukai suka karɓa, farfelolin sama suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Sauyin ya yi kyau, ban taɓa ganin mai kyansa ba. Ba abin da ya rage a gabana sai ruwan Tiga.

Ban tashi ba, don ba wanda zai duba hanyar in ba ni ba, kuma shinkafar mutane tana jira. Na zauna ina kallon bakin dam yana wucewa, ina share ido da hannun rigar ɗan Usta don in ga allo. Can wajen wata duhuwa muka ga kacala ta kwanta ta yi fari da kashin tsuntsu, na sa alama. Muka ƙara ganin wata, na sa alama. Waɗanda suka yi tafi ɗazu suka sulale ɗaya-ɗaya suka koma bakin aikinsu. Wani ya ajiye mini shayi, ya huce a wurin. Da jirgi ya juyo, ya rage gudu, na saman suka sake kamawa, ya sauka tsaye a inda ya tashi. Kujerar tana nan a bakin inuwa, babu kowa a kanta.

Na fita bayan shago inda ake tara kwalaye, na kira Yaya Habu. Yana haki ya ɗauka, da alama yanzu ya hau tudun.

"Mansur! Ka gan shi ko? Ka ga har hannu ya ɗaga maka?"

"Na gani, Yaya."

"To alhamdu lillahi. Ka ga sai hankalinka ya kwanta, ka..."

"Yaya, rigar ta yi maka tsawo."

Na ɗauka sabis ne ya ɗauke, sai na ji wani irin sauti da ban taɓa ji daga bakin wana ba tun da aka haife ni. Na durƙusa a tsakanin kwalayen nan ina maimaita innalillahi, shi ma yana yi, ba mai rarrashin wani.

Da ya samu magana ya ce, "Tun ruwan shuka ne, Mansur. Da safe, bayan mun fito da shi. Inna ce ta tara mu ta ce kada wanda ya gaya maka. Ta ce yaron nan ba shi da hanyar dawowa, me zai yi da labarin, in ban da ya haɗiye shi shi kaɗai a ƙasar mutane? Takaba take yi, shi ya sa ba ta zuwa tudu. Ka yafe mini."

Na so in yi faɗa, na nemi faɗan a cikina na rasa. Na ce, "Ya tambaye ni?"

"Kullum. In muka zaunar da shi sai ya ce a gyara masa kujera ta kalli fako sosai, wai kada jirginka ya zo yana kallon wani wuri."

Takarduna har lokacin ba su fito ba, kuma ban san ranar da za su fito ba. Ba ni da abin da zan aika, ba ni da kabarin da zan tsaya a kansa. Na goge fuska, na ce masa ya gaishe da Inna, ya ce mata na ji, kuma ban yi fushi ba.

Ya ce, "Rigar fa? Kawu, wan Inna, ya ce a bayar da ita sadaka."

Na ce, "A bayar da sauran. Ita a ninke mini ita, Yaya. Ni za ta yi wa daidai."